Muryar Majinyata a Binciken Ciwon Daji da Tsara Manufofin Lafiya a Arewacin Kamaru

Gabatarwa

Ƙiyasin GLOBOCAN na 2020 ya nuna cewa mutum fiye da 20,000 ne suka kamu da ciwon daji a Kamaru a shekarar, sama da 13,000 kuma suka rasu, sankarar mama da ta bakin mahaifa na kan gaba. Sai dai ƙiyasi irin wannan ya dogara ne da rajistar masu cutar, ita kuwa rajistar da aka fi sani a ƙasar a Yawunde take. Wannan maƙala na ganin cewa muddin majinyatan Garwa, Marwa da Ngaundere ba su haɗa kai sun yi magana da bakinsu ba, bincike da manufa za su ci gaba da tafiya ba tare da su ba.

Wanda ba a ƙirga ba

Matar da ta ji ƙullutu a mamanta a wani ƙauye na kwarin Binuwai takan fara da mai maganin gargajiya, domin an daɗe ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Kafin ta isa asibitin Garwa ciwon ya ci jiki. In likita ya tura ta a gasa mata ciwon da na'ura, hanyar kudu ce a gabanta: mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, wataƙila har Duwala, ga kuɗin masauki da na mai jinya. Da yawa sukan koma gida, sunansu bai shiga kowane kundi ba. Rashin alƙaluma sai ya zama hujjar rashin kasafi, rashin kasafi kuma ya hana tara alƙaluma.

Arewa tana da nata tambayoyin bincike. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a yankin, gubar afulatoksin kuma na samuwa a gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi. Dukansu na haddasa sankarar hanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka iyalan da suka binne matasa da kumburin ciki su ne za su fi matsa wa masana lamba su duƙufa a kan wannan.

Abin da tarihi ya nuna

A Amurka, ƙawancen mata masu sankarar mama da aka kafa a 1991 ya sa majalisa ta ware dala miliyan 210 don bincike, majinyata kuma suka samu kujera a kwamitocin tantance ayyukan da za a ba kuɗi. A Afirka ta Kudu, ƙungiyar TAC da aka kafa a 1998 ta kai gwamnati kotu kan maganin hana jarirai ɗaukar ƙanjamau, ta yi nasara a 2002. A Kamaru ma, masu wankin ƙoda sun sha fitowa zanga-zanga a Yawunde in kayan aiki suka yanke. Da aka ƙaddamar da zangon farko na shirin lafiya ga kowa a Afrilun 2023, wankin ƙoda na ciki a kan sefa 15,000 a shekara, maganin ciwon daji kuwa bai shiga ba. Zanga-zanga ba ita kaɗai ta jawo haka ba, amma ta sa hukuma ta san da zaman masu ciwon ƙoda.

Ana iya cewa manufa aikin ƙwararru ce, kuma mai kaifin baki zai iya janye kasafi daga cutar da ta fi kisa. Wannan damuwa gaskiya ce. Amma an ga abin da ya faru a 2020, lokacin da aka shigo da rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ga 'yan mata: jita-jitar hana haihuwa ta riga ma'aikatan lafiya isa gidaje. Shaidar matar da ta warke, da Fulatanci ko Hausa, tana shiga zauren da takardar Faransanci ba ta kaiwa.

Kammalawa

Ƙungiyar SOCHIMIO ta Yawunde ta nuna cewa farar hula na iya sauƙaƙa wa majinyata samun magani da bayani. Arewa na buƙatar irinta, a gina ta kan ƙungiyoyin mata, adashi, limamai, fastoci da fadar lamiɗo, ta wuce tattakin wayar da kai kan sankarar mama na watan Oktoba. Abubuwa uku ya kamata ta nema: rajistar ciwon daji ta yankunan arewa uku, da haɗin gwiwar Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 da reshen Cibiyar Pasteur da ke garin; kujerar majinyata a kwamitocin ɗa'ar bincike da kwamitin ƙasa na yaƙi da cutar; da sanya gwajin bakin mahaifa da maganin rage raɗaɗi cikin zango na gaba na shirin lafiya ga kowa.