Daga Hanyar Raƙuma Zuwa Igiyar Ƙarfe: Tarihin Hawan Dutsen Ɗa'ifa

Mutumin Rimin Gado a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya tashi. Daga bakin titin Gwarzo, duk inda ka juya gonakin gero ne da dawa da gyaɗa, sai rimi da kuka da suka yi wa sauran itatuwa zarra. In ana zancen tudu, sai an shiga birni a nuna Dala da Goron Dutse, waɗanda matashi mai jini a jika zai haye cikin 'yan mintoci. Shi ya sa masu Umara da suka samu leƙawa Ɗa'ifa suke dawowa da labarin dutsen Kara a bakinsu, musamman waɗanda suka yi ƙarfin halin shiga telefirik, ɗan akwatin gilashin nan da ke rataye jikin igiyar ƙarfe yana sauka da mutane daga ƙwanƙolin dutse zuwa gindinsa.

Makka tana cikin kwari, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba. Ɗa'ifa kuwa ta haura mita 1,800, unguwar Hada da ke bakin gangaren ma ta fi haka. Tsakaninsu kimanin kilomita 90 ne ta hanyar Hada, amma kusan duk hawan ya taru wuri guda, a jikin tsaunukan Sarawat da suka miƙe tsaye kamar ganuwa. A ƙasa zafi ne mai gasa fata, a sama kuma iska mai sanyi, da hazo, da lambunan inabi da rumman da furen wardi. Tun kafin Musulunci attajiran Ƙuraishawa suke mallakar lambuna a can, suna gudun bazarar Makka.

A ɗaya daga cikin lambunan nan, na Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, Manzon Allah (SAW) ya fake a shekara ta goma bayan aike, shi da Zaidu ɗan Harisa, bayan shugabannin Saƙifawa, ƙabilar Ɗa'ifa, sun ƙi kiransa, sun zuga yara da wawaye sun bi shi da jifa har ƙafafunsa suka yi jini. Nan Addas, bawa Banasare ɗan Ninawa, ya kawo masa inabi. An yi wa garin ƙawanya a shekara ta 8 bayan Hijira bai buɗu ba, sai a ta 9 Saƙifawa suka aika wakilai Madina da kansu suka karɓi Musulunci. Abdullahi ɗan Abbas a Ɗa'ifa ya rasu a shekara ta 68, masallacin da ke ɗauke da sunansa na nan tsakiyar gari. Akwai gyara ɗaya da ya kamata masu jagorancin ziyara su riƙe. Wasunsu kan nuna gangaren Kara su ce ta nan Annabi ya sauko, alhali littattafan hadisi da sira sun ambaci Ƙarnus Sa'alib da kwarin Nakhla a hanyar komawarsa, wato ɓangaren Sailul Kabir, can arewa. Gangaren Kara na da darajarsa ba sai an ɗora masa abin da ba nasa ba.

Tarihin Kara na kansa a ƙarƙashin igiyar yake. Wanda bai rufe ido don tsoro ba zai hango wani siririn layi na jerarrun duwatsu yana lanƙwasa a jikin gangaren, nan ya ɓace, can ya sake bayyana. Tsohuwar hanyar raƙuma ke nan da masu tafiya a ƙasa. Mutane ne suka fasa dutse da hannu, suka jera shi matakala-matakala, suka yi mata 'yar katanga a inda santsi ya yi yawa. Ta nan inabi da zuma da ruwan wardi suka riƙa gangarawa kasuwannin Makka ɗaruruwan shekaru. Matafiyin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, ya haye ta a 1814 zai je ganin Muhammad Ali Pasha a Ɗa'ifa, ya rubuta wahalar hawan da kuma kyawun ƙauyen da ya tarar a sama. Shi ne dai ya bar mana bayanin Takarawa, mahajjatan ƙasashenmu da ya gamu da su a Sudan suna dosar Sawakin a ƙasa, da sanda da ƙwarya, suna aikatau a hanya don samun kuɗin jirgin ruwa. Irin wannan tafiya kakanninmu suka ci gaba da yi har bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu su shekara biyar, wasu goma, wasu kuma su zauna ke nan. Jikokinsu na nan a Makka da Jidda da Madina har gobe.

A gindin dutsen kuma kwarin Na'aman yake, inda Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka janyo ruwa zuwa Arafat don mahajjata.

Gidan Saud sun ƙwace Ɗa'ifa a watan Satumba na 1924, aka zubar da jinin mutanen gari da yawa. Daga baya ta zama mazaunin gwamnati a lokacin zafi. A nan aka sa hannu kan yarjejeniyar Saudiyya da Yaman a 1934, a nan Sarki Abdul'aziz ya rasu ranar 9 ga Nuwamba, 1953, a nan kuma 'yan majalisar Lebanon suka cimma sulhun 1989 da ya kai ga ƙarshen yaƙin basasarsu. Garin da sarki da ministoci ke ƙaura zuwa cikinsa duk shekara ba zai zauna da hanyar raƙuma ba. Kamfanin Muhammad bin Laden ya fasa titin mota a jikin Kara, aka buɗe shi a zamanin Sarki Faisal, tsakiyar shekarun 1960. Titin ne mai kwana-kwana da direbobin ziyara ke bi yau, wanda akan rufe in hazo ya yi kauri ko ruwan sama ya fara gangaro da duwatsu.

Telefirik shi ne na uku a jerin, kuma shi kaɗai aka yi don kallo da shan iska. Igiyarsa ta kai kimanin kilomita 4, daga Hada zuwa wurin shaƙatawa na Kar. Injin da ke tasha yana juya ƙaton gargare, igiyar tana zagayawa bisa dogayen turakun ƙarfe, akwatunan na riƙe da ita. Duk sa'ad da aka zo kan turke sai akwatin ya ɗan girgiza, ka ji salati ya tashi daga bakin dattawa. Kunne na toshewa saboda sauyin iska, gwaggon biri na zaune kan duwatsu suna kallon masu wucewa, manyan motoci a titi sun koma ƙanana. Ana gangarawa sanyin na janyewa, kafin a iso ƙasa gumi ya dawo.

Dabarar ta girmi ta Ɗa'ifa. A Palm Springs, garin hutu na hamadar Kalifoniya a Amurka, wani injiniya mai suna Francis Crocker ya fara tunanin irinta a 1935, aka buɗe a 1963 bayan an yi jigilar ƙarafa da jirage masu saukar ungulu. Tana ɗaga mutum daga mita 806 zuwa kusan 2,600 cikin minti goma. Mu ma muna da tamu a Obudu ta Jihar Kuros Riba, wadda aka buɗe a 2005 zamanin Gwamna Donald Duke. Sai dai babu wadda ta ratsa kan hanyar da ta haɗa gari da Makka sai ta Hada, kuma wannan ne ya sa nake ganin asara ne a kai bayin Allah can, su ɗauki hoto su juyo ba wanda ya nuna musu matakalar da ke ƙasansu.

Shekaru da dama mai bizar Umara ba ya wuce Makka da Madina da Jidda. A 2019 hukumomin Saudiyya suka ɗage wannan ƙa'ida, ziyarar Ɗa'ifa ta zama ruwan dare ga mutanenmu. Wanda ya hau kuma yake da niyyar Umara a komawarsa, sai ya tsaya a Wadi Muharram kusa da Hada ya ɗaura harami, domin yana daura da miƙatin Ƙarnul Manazil, sannan motar ta kama gangaren Kara zuwa Makka.