Grace Bumbry: Mawaƙiyar da Aka Shata Wa Iyaka Sau Biyu

Ofera wasan kwaikwayo ne na Turawa wanda ake rera dukkan zancensa ko mafi yawansa da waƙa, ƙungiyar makaɗa tana biye, kuma dole murya ta cika zaure ba tare da lasifika ba. An kasa muryoyin mata gida-gida: sofrano ita ce ta sama, mezo-sofrano ta tsakiya mai kauri da zurfi. Bisa al'ada jarumar labari ta sofrano ce. Mezo kuwa akan bar mata kishiya, uwa ko mayya.

A wannan gida na biyu Grace Bumbry ta fara. An haife ta a St. Louis ta ƙasar Amurka ranar 4 ga Janairu, 1937, ta kuma fara waƙa a majami'a. Tana budurwa ta ci gasar wani gidan rediyo, kyautar ta haɗa da gurbin karatu a wata makarantar kiɗa ta garin, amma makarantar ba ta zaunar da baƙar fata aji ɗaya da farare. Daga baya ta yi karatu a hannun Lotte Lehmann, shahararriyar mawaƙiyar Jamus da ta yi ƙaura zuwa Amurka, kuma daga gare ta ta koyi furta Jamusanci cikin waƙa. A 1960 ta hau dandalin Paris a matsayin Amneris, gimbiyar Masar a cikin "Aida" ta Verdi.

Abin da ya fito da sunanta ya faru a 1961 a Bayreuth, garin da ake bikin waƙoƙin Richard Wagner a Jamus. Wurin yana da tabo, domin Hitler ya kasance babban baƙon gidan Wagner, kuma shekara 16 kacal ke nan da ƙarewar yaƙi. Wieland Wagner, jikan mawallafin, ya zaɓi Bumbry, tana da shekara 24, ta fito a matsayin Venus, allahiyar ƙauna a tatsuniyar Rumawa, cikin "Tannhäuser". Babu baƙar fatar da ta taɓa waƙa a dandalin kafin ita. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta zuwa, Wieland ya ƙi janyewa, yana mai cewa launin murya kakansa ya rubuta wa waƙa, ba launin fata ba. A daren farko an yi kusan rabin awa ana tafi, aka kira 'yan wasan gaban labule sau 42.

Jaridu suka laƙaba mata "Baƙar Venus". Kirari ne, amma mai ƙaya, don ya sa fatarta gaba da aikinta, kuma ya bi ta har cikin labaran rasuwarta. Duk da haka ƙofofi sun buɗe: Fadar White House a 1962, Covent Garden na Landan a 1963, Metropolitan na New York a 1965, sannan "Carmen" a Salzburg tare da Herbert von Karajan. Masu sharhi ba su yi sabani sosai kan wannan zamani ba. Sun yaba kaurin muryarta, da saurin hawanta sama, da kwarjininta a dandali.

Sabanin ya zo ne daga 1970, lokacin da ta rera "Salome" a Landan, shekara guda bayan haka kuma "Tosca" a New York. Waɗannan na sofrano ne. Wasu masu sharhi suka ce ta bar gonar da ba ta da na biyu a cikinta ta shiga wadda take ɗaya daga cikin da yawa, kuma saman muryar yakan yi tauri idan ta matsa masa. Wasu suka ce zurfin nan na mezo ya ba waɗannan jarumai nauyin da ba a saba ji ba. Shirley Verrett, takwararta, ta bi irin wannan hanya, aka yi ta gwada su da juna kamar duniya ba ta da wurin mutum biyu. A 1990 su biyun suka fito tare a "Les Troyens", ofera ta farko da aka gabatar a sabon zauren Bastille na Paris.

A ganina masu sukar suna da gaskiya ta fuskar kunne: wanda ya saurari Amneris ko Eboli ɗinta ya ji mafi kyawun abin da ta bari a faifai. Sai dai ba su cika tambayar abin da zama mezo yake nufi ga mace irinta ba. Wadda aka hana kujera a aji tun tana yarinya, da wuya ta yarda a sake ce mata ga iyakarta, ta tsaya a kishiya har ta tsufa. Ta so jarumar labarin, ta kuma rera ta shekaru da dama a manyan zauruka, mutane suna sayen tikiti.

Da girma ya zo ta koma muryar tsakiya. A 2009 aka ba ta lambar girmamawa ta Cibiyar Kennedy, a 2013 kuma ta fito a Viyana a matsayin tsohuwar hakima a wata ofera ta Tchaikovsky, tana da shekara 76. A birnin ta rasu ranar 7 ga Mayu, 2023.