Dutsen Galbraith: Yadda Birni Ya Sayi Hanya Ba Tare Da Ya Sayi Dutse Ba

A gefen birnin Bellingham da ke jihar Washington, a arewa maso yammacin Amurka kusa da iyakar Kanada, akwai wani dutse mai duhun itatuwa da ake kira Galbraith. Ba shi da wani tsayi na a zo a gani, amma ya yi suna wajen mahaya keken hawan dutse, domin siraran hanyoyi masu tsawon gomman mil sun ratsa shi ta kowace kusurwa. Baƙo zai ɗauka gandun gwamnati ne. Alhali mafi yawansa mallakin kamfanin katako ne.

Tun fil azal yankin ƙasar al'ummomin Lummi da Nooksack ne. Bayan yarjejeniyar Point Elliott ta 1855 ne ƙasar ta koma hannun gwamnatin Amurka, daga nan kuma ta shiga hannun masu saran katako. Su ne suka fasa hanyoyin farko a jikin dutsen don fitar da gumagumai.

A shekarun 1980 matasan gari suka fara bin waɗannan tsofaffin hanyoyi da kekuna, suna kuma sharo sababbi da shebur da diga. A 1986 suka kafa ƙungiya, wadda a yau ake kira Whatcom Mountain Bike Coalition, ta ɗauki nauyin gyaran hanyoyin ta hanyar aikin gayya. Abin da ya sa masu ƙasar suka kau da kai har da wata dokar jihar, wadda ke kare mai fili daga ƙara idan wani ya ji rauni a filin da aka buɗe wa jama'a kyauta don shaƙatawa.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Izinin shiga alfarma ce kawai, mai ita na iya janyewa ran da ya ga dama. Wannan ya fito fili lokacin da bashi ya sa kamfanin Trillium ya miƙa ƙasar ga kamfanin Polygon Financial, wanda sayarwa ce damuwarsa. Da ta faɗa hannun masu gina gidaje, da aikin shekaru talatin ya salwanta a bayan shinge.

A 2017 kamfanin Galbraith Tree Farm ya sayi ƙasar. Shekara guda bayan haka, a 2018, aka ƙulla yarjejeniyar da ta kwantar da hankalin kowa. Birnin Bellingham ya biya dala miliyan 2.75 daga harajin da mazauna suka amince da shi don kare filaye, ƙungiyar Whatcom Land Trust ta ƙara dala 250,000. Ba ƙasar suka saya da wannan dala miliyan 3 ba. Haƙƙi biyu suka saya a kan fili mai fiye da eka 2,000: haƙƙin jama'a na shiga har abada, da haramcin yanka shi filaye don gini. Haƙƙoƙin biyu suna manne da ƙasar, ko hannun wa ta koma.

Kamfanin bai daina saran itace ba. Idan lokacin sara ya zo, akan rufe wasu hanyoyi, kuma mahayi kan dawo ya tarar da kututture a inda ya bar inuwa. Akwai masu ganin kuɗin jama'a bai kamata ya tafi inda zarto ke ci ba. Wasu kuwa na cewa sayen dutsen kacokan ya fi ƙarfin aljihun birnin.

Tarihin Galbraith ya nuna cewa mallakar ƙasa dami ce ta haƙƙoƙi, ana iya zare ɗaya a bar saura. Kamfani ya riƙe itatuwa, jama'a suka riƙe hanya, kuma 'yan sa-kai na ci gaba da hawa da shebur don gyara abin da ruwan sama da motocin katako suka ɓata.