Shirun Haneke da Kunnen Bahaushe: Martani ga Wani Abokin Aiki

Tun bayan maƙalar Brian Larkin ta 1997 a mujallar Africa, manazarta sun yarda cewa finafinan Indiya sun samu gindin zama a ƙasar Hausa saboda sun taɓo auren dole, kunya da biyayya ga iyaye. Ba ni da ja a kan wannan. Inda nake ja shi ne ƙarin gishirin da wani abokin aiki ya yi a wani taron ƙara wa juna sani: wai Bahaushe ba zai iya zaman kallon fim ɗin Turai mai tafiyar hawainiya ba, tunda babu waƙa, babu rawa, kuma ba a warware ƙulli a ƙarshe. A iya karatuna, Larkin bai kai nan ba.

Kwanan baya a Mashi, bayan sallar isha'i, na kunna wa wasu samari bakwai Caché na Michael Haneke (2005) a kwamfuta, muna zaune kan tabarma, ina fassara musu da baki. Dukkansu sun saba da finafinan da kamfanin Algaita ke fassarawa zuwa Hausa. Fim ɗin ya buɗe da hoton wani titin Paris da kyamara ba ta motsi, har ɗaya ya miƙa hannu yana zaton na'urar ce ta maƙale. Nan kam abokin nawa ya yi gaskiya.

Sai labarin Majid ya fito. Iyayensa 'yan Aljeriya ne, ma'aikata a gonar iyayen Georges, jarumin fim ɗin, sun tafi zanga-zangar 17 ga Oktoba 1961 a Paris, ba su dawo ba. Masu gonar suka yi niyyar riƙonsa, amma Georges, yana ɗan shekara shida, ya ƙulla masa sharri aka kai shi gidan marayu. Daga nan babu wanda ya sake taɓa waya. Wani tela a cikinsu ya ce, "Ai wannan cin amanar maraya ne." Da Majid, bayan sun girma, ya yanke maƙogwaronsa a gaban Georges, sai salati kawai ake ji.

Abokin nawa zai ce bakina suka saurara, ba Haneke ba. Wannan suka ce mai ƙarfi, domin mai fassara yakan zaɓi kalma, kuma ni na fara furta "riƙo". Amma ban fassara shiru ba. Dogon hoton da ake tura Majid yana yaro cikin mota yana turjewa, kyamara na can nesa, bai buƙaci ko kalma ɗaya daga gare ni ba, kuma a nan ne na ga idon telan ya cicciko. Zai kuma ce rashin bayyana wanda ke aiko wa Georges da kaset-kaset na bidiyo a fim ɗin ya dame su. Ya dame su, na ɗan lokaci. Gardamar da ta kai mu sha biyun dare a kan hakki ce: ko ana tuhumar babba da laifin da ya yi kafin ya balaga, idan har yanzu ya ƙi neman yafiya.

Dole in taƙaita da'awata. Mutum bakwai a zama ɗaya ba za su wakilci masu kallo daga Daura zuwa Maraɗi ba, kuma duka maza ne. Iyakar abin da zan iya cewa shi ne, a wannan daren jinkirin fim bai kori kowa ba. Faransanci ne ya tsaya a tsakaninsu da labarin, kuma da aka ɗauke shi, da fiƙihun riƙon maraya suka auna Georges.