Bushiya: Cutar Shanun Da Agajin Duniya Ya Taimaka Aka Ga Bayanta

A kara, in aka ambaci ƙungiyoyin agaji, yawancinmu tsaki muke ja. Mun ga fararen motoci, mun ji labarin taro a otal, amma ba mu gani a ƙasa ba. Ni ma ina da irin wannan ƙorafin. Sai dai akwai aiki guda da duk mai cin abinci da saniya, daga Potiskum har Oko-Oba da Akinyele da Lokpanta, ya kamata ya san tarihinsa, wato yaƙi da ciwon bushiya, wanda Turawa ke kira rinderpest.

Sa'o'ina ba su taɓa ganinta ba, sai dai a bakin iyaye. Saniya za ta fara da zazzaɓi, sai hawaye da majina, bakinta ya yi gyambo, ta daina kiwo, daga nan sai zawo mai jini. Cikin kwana goma ko makamancin haka ta faɗi. Ba ta kama mutum, amma in ta shiga garken da bai taɓa saninta ba, tana iya kwashe tara cikin goma. Babbar annobarta ta shigo Afirka ne wajen 1887 ta Eritriya, tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo, cikin 'yan shekaru ta iso ƙasashenmu ta talauta makiyaya. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, da aka kafa a 1924, bushiya ce babban dalilin kafa ta.

Allurar da ta kawo sauyi ita ce wadda wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya haɗa a Kenya. Tana da araha, kuma in an yi wa saniya sau ɗaya ta samu kariya har ƙarshen ranta. Da ita aka gudanar da mafi yawan gangamin JP15, wanda aka fara a 1962 a yankin Tafkin Chadi, wato Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, da tallafin Turai da Amurka, kafin ya bazu zuwa ƙasashe 22. Mahaifina ya ce da ka ga saniya da huda a kunne, ka san an yi mata.

Nan ne wurin da ya fi ɗaukar hankalina. A 1976 aka rufe shirin, masu ba da kuɗi suka tattara nasu ya nasu, aka bar wa gwamnatoci su ci gaba da yi wa maruƙa allura. Da yawa ba su yi ba, tun da cutar ta yi shiru, kowa ya saki jiki. Ashe ta laɓe a iyakar Mali da Muritaniya da kuma kudancin Sudan. Da tsofaffin shanu masu kariya suka ƙare, sai ta dawo. A 1983 ta yi wa Najeriya mummunar ɓarna, har an ƙiyasta asarar shekarun nan a kusan dala biliyan 2. Dattawan kara har gobe suna lissafin waɗanda suka karye a lokacin ba su sake tashi ba.

Zagaye na biyu, shirin PARC, ya fara a 1986, shi ma da kuɗin Turai. Wannan karon an gyara abu biyu. An samo allurar da ke jure zafi, ba sai da firji ba, ana iya kai ta daji a kan keke ko raƙumi. Sannan a wurare irin su kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha, makiyaya aka horar suka riƙa yin allurar da kansu, kuma su ke nuna inda cutar ta ɓoye. A ganina wannan ne ya ci nasara fiye da yawan kuɗin, don mai shanu ya fi kowa sanin labi da mashaya.

An ga ta ƙarshe a 2001, a jikin ɓauna a Kenya. A 2011 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka bayyana cewa an kawar da ita baki ɗaya. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da aka taɓa yi wa haka.

Kada wannan ya sa mu yi sake. Ciwon huhu da bauru suna nan, kuma 'yar'uwar bushiya mai kama awaki da tumaki, wadda ake kira PPR, tana nan tana kisa, duk da an sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Allurarta ma sau ɗaya ce, tana ba da kariya ta shekaru, don haka masu tara raguna na layya su nemi likitan dabbobi. Ita kuwa bushiya, an daina allurarta a duk duniya. Duk wanda ya zo maka kara da kwalba ya ce allurar bushiya ce yake sayarwa, kuɗinka kawai yake so.