Arahar Maganin Ciyawa da Tsadar Ƙodago: Nazarin Bunƙasar Kasuwar Magungunan Feshi a Afirka ta Yamma

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi dalilan bunƙasar kasuwar magungunan feshi a ƙasashe masu tasowa, ta ɗauki Mali da Nijeriya a matsayin misali. Ta nuna cewa lissafin kuɗin noma ne babban abin da ke tura manomi ga feshi, kuma sa ido bai bunƙasa tare da cinikin ba.

Gabatarwa

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna an yi amfani da kimanin tan miliyan 3.7 na sinadaran feshi a 2022, wato ninki biyu na 1990, kuma Barazil ce kan gaba.

Farashi da Ƙodago

Kamfanin Monsanto ya fito da maganin ciyawa na gilifoset a 1974 da sunan Roundup. Da haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka a 2000, masana'antun ƙasar Sin suka shiga sarrafa shi, farashi ya faɗi warwas, sunaye iri-iri suka cika kasuwannin ƙauye. A daidai wannan lokaci matasa a Afirka ta Yamma na barin karkara zuwa birane da wuraren haƙar zinare, gayya ta ja baya, 'yan ƙodago suka yi tsada. Binciken Steven Haggblade da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Mishigan, wanda aka buga a 2017, ya gano cewa a kudancin Mali kuɗin feshin ciyawa kusan rabin na ɗaukar masu fartanya ne. Manomin da noma da maimai suka taso masa a tsakiyar damina, ga ciyawa na neman danne masara, ba ya buƙatar malamin gona ya lallashe shi. Kwalba ɗaya da injin goyo sun ishe shi aikin da a da sai mutane da yawa.

Kuɗin da Ba a Lissafa Ba

Sai dai farashin kwalba bai ƙunshi dukkan asarar ba. Ƙasashen Sahel sun kafa kwamitin bai-ɗaya na rajistar magungunan feshi a Bamako tun 1994, amma jabu da marasa rajista na nan a kasuwa. Tarayyar Turai ta haramta maganin ciyawa na farakwat a 2007, duk da haka aka ci gaba da sayar da shi a yankinmu, ana fesawa ba takunkumi ba safar hannu. A 2015 kuma ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari na dikulobos, wanda ake kira fiya-fiya, ta zarce ƙa'idar miligiram 0.01 a kowane kilo. Asarar ta faɗa har kan manoman da ba su taɓa zuba shi a buhu ba, alhali buhunan PICS suna adana wake ba tare da magani ba.

A ganin wannan maƙala, hana feshi ba zai yiwu ba muddin ƙodago na da tsada. Ya kamata hukumar NAFDAC ta Nijeriya da takwarorinta su ware wani kaso na kuɗin rajista domin gwajin kayan da ke kan kanta da horar da masu feshi.