Gogen da ke Raka Watan Maulidi a Sagnarigu

Bahaushen da ya halarci bikin Damba a ƙofar fadar Sagnar-Naa, sarkin Sagnarigu, nan gefen Tamale, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne goge. Mu a gida da bori da gidan magajiya muka san shi. A ƙasar Dagbon kuwa kayan sarauta ne. Gonje suke ce masa, kuma a gida ake gadonsa: yaro na tasowa za a damƙa masa caki ya bi iyayensa, kafin a bar shi ya taɓa ƙwaryar nan mai tsirkiyar gashin doki. Asalin masu gonjen daga ƙasar Gurma ne, shugabansu Yamba-Naa yana Yendi. Ka kasa kunne da kyau, za ka tsinci Hausa a cikin waƙoƙinsu.

Kusa da su ga lunsi, masu kalangu, su ma gadonsu ne. Tarihin sarakunan Dagomba kaf a bakinsu yake.

Damba dai sunan watan Rabi'ul Awwal ne a Dagbanci, kuma bikin daga maulidi ya samo tushe. Tarihin baka ya kai shi ga Naa Zangina, wajen 1700, sarkin da ya buɗe wa malamai ƙofar fada. A cikin ranakun bikin, Somo Damba ta haihuwar Manzon Allah ce (SAW), Naa Damba ta ranar suna. Har yau malamai ne ke zama su tsince shinkafar bikin, a ja addu'a, sannan a yanka sa.

Idan dare ya yi, sai ka jiyo wani sautin daga wajen 'yan Tijjaniyya: Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus, da ƙasidun Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda Failarsa ta kama Tamale a shekarun 1950. Ba kowa ya aminta ba. Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya kuma ya rasu a 2004, ya soki Damba da ɗariƙa, shi ma kuma da waƙar Dagbanci ya yi sukar.

Abin da ke ci mini rai, dattawan gonje na ta tafiya da abin da ke kansu. 'Yan'uwa na zango, in Damba ta zagayo, ku je da waya ku naɗi muryarsu, ku tambaye su ma'anar Hausar da suka gada.